Garken Cikin Ƙwarya

Ƙwan ya fashe a hannun Halliru tun bai gama ɗaga shi daga cikin ciyawa ba. Ba matse shi ya yi ba, taɓawa kawai ya yi, ɓawon ya lotsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, gwaiduwar ta biyo tsakanin yatsunsa, fara fat, ko wari mai kyau babu. Ya goge hannu a jikin ginshiƙi, ya tsaya yana duban kajinsa. Ɗari huɗu ne da ɗoriya, fararen kajin gidan gona, a cikin doguwar rumfar kwano da ya gina bayan gidansa a bakin garin Kazaure, ta hanyar Roni. Duk zankonsu ya koɗe. Wasu sun takure a jikin bango, ido a lumshe, gindi ya ɓaci da zawo.

Bayan la'asar Lauwali mahauci zai zo da a-kori-kura ya kwashe su gaba ɗaya zuwa Kano, inda masu gashi ba sa tambayar kaza ko tana ƙwai. Sun riga sun yi magana, saura shan hannu. Lauwali ya ce yau ne kawai, domin kaza mai ciwo in ta ƙara ramewa shi ma ba ya so.

Halliru ba manomi ba ne tun asali. Direban gingimari ne, wanda ya ci ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Ikko, ya kai shanu ya dawo da siminti, a shekarun nan da kuɗin mai ya sa kowa gini. Ya san hanya kamar tsakar gidansu. Amma ido ya fara yi masa gardama in rana ta faɗi, kuma wata rana kusa da Jebba ya farka ya tarar da sitiyari a hannunsa, motar tana tafiya, bai san tun yaushe ya yi barci ba. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dawo gida, ya tattara duk abin da hanya ta bar masa ya zuba a kaji, a daidai lokacin da rediyo ke ta cewa kowa ya tashi a ciyar da ƙasa. In kajin nan suka tafi, abin da ya rage masa shi ne ya koma ya roƙi mota, da wannan idon.

Ba a ce bai yi ƙoƙari ba. Da zawon ya fara, abin da ya sani ya yi. A tasha duk abin da ya sami direba, ciwon ciki ne ko ƙurji ko abin da ba a faɗa a gaban yara, kafso ja da rawaya ake haɗiya a wuce. To, shi ya riƙa saya a kemis, yana ɓarewa yana zazzagewa a ruwan kaji. Zawon ya tsaya, ya dawo. Ya ƙara kafso. Ya sake tsayawa, ya dawo da ƙarfinsa, ƙwai kuma ya ragu, wanda aka samu ma ba ya kai kasuwa da ransa.

Ya fita daga rumfar ya zagaya tsohon ɗakin awaki da ke jikin katanga. Nan ya jefa kajin da suka fi jin jiki tun farkon damina, kamar talatin, ya ce su mutu can kada su shafa wa saura. Ya hana a ɓata kafso a kansu. Tun ranar bai leƙa ba, matarsa Shatu ce ke watsa musu dusa. Yau dai ya ce bari ya ga ko akwai mai sauran numfashi da Lauwali zai haɗa da ita.

Da ya ture ƙyauren, wata kaza ta tashi fir ta bi ta kan kafaɗarsa. Ya ja da baya. Kajin suna tono, suna faɗa a kan kasko, zankonsu ja wur kamar an shafa musu jini. A kusurwa, cikin wani fasasshen tulu, ƙwai ne a tare. Ya ɗauki ɗaya, ya ji nauyinsa. Ya sa shi a tafin hannu ya matse ta tsawonsa, irin yadda suke gwada ƙarfi a tasha, har jijiyar hannunsa ta tashi. Ƙwan ko gezau.

Sai idonsa ya kai kan kaskon. Ruwan ciki fari ne, kuma tsaminsa ya riga ya iso hancinsa.

Shatu tana bakin murhu tana dama koko. Bafulatana ce, ’yar rugar da ke bayan dutse a hanyar Roni, doguwa, ba ta da yawan magana. Da ya tambaye ta me ya gani a kaskon kaji, ba ta ɗago ba, ta ce tsala ce. Ka san damina, nono ya yi yawa, goggonta Ma'u takan kawo talla gari, in yamma ta yi bai ƙare ba sai ta bar mata ragowar maimakon ta koma da kaya. Su biyu ne a gidan, ba sa iya shanyewa, yakan yi tsami ya wuce sha.

Halliru ya ce ai malamin dabbobi ya yi kashedi, kajin nan ba irin na gida ba ne, ruwa mai tsabta kawai ake ba su.

“Malam, kai ka ce sun mutu,” in ji Shatu. “Ni kuwa ba zan zubar da nono a ƙasa ba. A gidanmu ba a yi. Na ce gara ya shiga cikin mai rai, ko da mai shirin mutuwa ne.”

Ya tambaye ta ƙwan fa, tun yaushe suke yi. Ta ce ai ya daɗe yana ci. Wanda take soya masa da safe, yana yabawa yana cewa ƙwan ruga daban ne, ba irin na banzayen kajinsa ba, to daga ɗakin awaki yake fitowa. Ya ce me ya hana ta faɗa masa. Ta ce ya taɓa tambaya? Kuma ta ga yadda yake ji da kafsonsa.

Bai yi faɗa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraren inji ya san in mota ta canja kuka akwai dalili, kuma ba a rufe bonet sai an gano shi. Ya sa ta cika masa kwalbar lemo da tsalar, ya toshe da tsumma, ya naɗe ƙwai ɗaya na ɗakin awaki da ɗaya na rumfa a cikin hula, ya hau Hondarsa.

Asibitin dabbobi ɗaki biyu ne da baranda, da turken ƙarfe a gaba inda ake kama shanu. Malamin wurin, Malam Kaumi, Babarbare ne, saurayi-saurayi, ya yi karatun dabbobi a Zariya, yana da tsage a kumatu da farar riga mai aljihu cike da biro. Yana cikin duba kofaton wani bijimi, mai shi, wani dattijon Bafulatani da malafa da sanda, yana riƙe da igiya. Suna yi suna tsokanar juna kamar yadda Barebari da Fulani suka saba, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ina aka taɓa ganin bawa da shanu. Da ya gama ya ce dattijon ya jira allura, ya shigar da Halliru ciki.

Halliru ya ajiye ƙwan biyu a tebur ya ce ya fasa. Na rumfa ya narke tun kafin ya kai bakin faranti, ya bazu kamar ruwa. Na ɗakin awaki sai da aka buga shi sau biyu, gwaiduwar ta zauna a tsakiya dam, farin ya kewaye ta bai gudu ba. Kaumi ya ɗauki ɓawon ya murza a yatsa, ya dubi Halliru. Halliru ya ba shi labari tun daga kafso har kasko, bai rage ba.

A kan kafso malamin ya kama kai. Ya ce wa ya ce masa a yi haka, maganin da ake ba da shi a ƙididdige sannan a daina, shi ya mayar ruwan sha. A kan tsala kuwa, ya buɗe kwalbar ya sansana. Can ya ce akwai wani abu da wani malaminsu ya taɓa faɗa musu a aji, cewa a ƙasashen Turai ana gwada ba kaji da maruƙa abin da ke sa madara tsami, wai yana gyara musu ciki. Shi dai bai taɓa ganin an yi ba, a takarda ya ji. Ya ce amma bari ya nuna masa wani abu, in rana ta yarda.

Ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur, ya fito da madubin likita, baƙi, mai wuya kamar na zalɓe. Ya ajiye shi a bakin taga, domin babu wuta, da hasken rana yake aiki. Ya tsoma tsinke a kwalbar, ya ɗiga abin da bai kai kan allura ba a kan wani ɗan gilashi, ya sirka da ɗigon ruwa, ya rufe da wani gilashin mai kaurin ɓawon albasa. Hadari ya tare rana, suka tsaya jira. Da ta fito ya karkata ɗan madubin ƙasa, ya sa ido, ya murɗa, ya murɗa, sannan ya matsa gefe.

“Rufe ido ɗaya, Direba. Kada ka taɓa komai.”

Da farko haske kawai Halliru ya gani, zagayayye kamar farin wata, da gashin idonsa. Ya ce shi bai ga komai ba. Kaumi ya ce ya yi haƙuri ya saki idon. Sai abin ya zauna.

Fili ne, faɗinsa ya fi filin idi. A cikinsa wasu ’yan sanduna ne kamar an kakkarya tsintsiya, ba su ƙirguwa, wasu su kaɗai, wasu sun kama juna sun yi layi kamar shanu a burtali. Akwai wasu ’yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero, bibbiyu, wasu a jere kamar carbi. Can gefe wasu manya masu siffar ƙwai, ɗaya da ɗan ƙarami manne a jikinta kamar goyo. Kuma ba a tsaye suke cik ba. Duk filin rawa yake, kowane ɗaya yana karkarwa a inda yake, kamar kasuwa in ka hango ta daga kan dutse.

Ya ɗago da sauri ya dubi gilashin da idonsa. Ɗigo ne, ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Ya mayar da ido. Suna nan.

Halliru ya ga abubuwa a duniya. Ya ga teku ranar da ya fara isa Ikko, ya tsaya har aka yi masa dariya. Ya ga jiragen ruwa sun yi layi a kanta har inda ido ya ƙare. Amma duk waɗannan manya ne, mutum ya san Allah yana da manyan abubuwa. Wannan kuwa a cikin ludayi yake. Tun yana yaro yake shan fura da nono, uwarsa ta sha, kakarsa ta sha, ba wanda ya taɓa cewa akwai kowa a ciki.

Da yake ɗan tasha ne, bai yarda nan take ba. Ya ce ƙila dattin gilashi ne, ko kuma hoto aka sa a cikin bututun, ya ga irin wannan a hannun masu rufa-ido a Ikko. Kaumi bai ji haushi ba. Ya wanke gilashin a gabansa, ya ɗiga dafaffen ruwa daga butar shayinsa, ya ce duba. Farin wata kawai, ba kowa. Ya ba Halliru tsinken ya ce ya ɗiga tsalar da hannunsa. Ya ɗiga. Garin ya dawo cike.

“Subhanallahi,” in ji Halliru a hankali, bai ɗaga ido ba. “Malam, masu rai ne?”

Kaumi ya ce masu rai ne, suna ci, suna haihuwa, ɗaya ya rabe ya zama biyu. Su ne ke mayar da madara nono. Kuma akwai danginsu a cikin hanjin kaza, da na saniya, da nasa shi Halliru, tun ranar da aka haife shi. In suna nan da yawa, masu kawo zawo ba sa samun wurin zama, abinci kuma yakan tsaya a ciki har jiki ya ɗebi abin da zai yi ɓawo da shi. Kafso kuwa ba ya tambaya, duk wanda ya tarar kashewa yake.

Halliru ya ce ya gane. A mota ma haka ne, in fasinjan kirki sun cika kujeru, ɓarawo sai dai ya tsaya a ƙasa. Shi ya sauke kowa da kowa ya bar ƙofa a buɗe. Kaumi ya yi dariya ya ce ko malamin nasu bai faɗe ta haka ba.

“To me sunansu?”

Malamin ya gyara murya. Ya faɗi wata kalma ta Turanci mai tsawo, Halliru ya ce a'a, da Hausa. Kaumi ya sosa ƙeya. Ya ce da Hausa dai suna ɗaya ya sani ga duk irin waɗannan halittu, shi ake faɗa a rediyo, shi ke cikin littattafan kiwon lafiya.

“Ƙwayoyin cuta.”

“Cuta kuma?”

“Haka ake ce musu. Amma waɗannan ba sa cuta.”

“Ƙwayoyin cuta ne a nono, amma ba sa cuta,” Halliru ya maimaita, yana jin yadda maganar ke karo da kanta.

Sai ya lura hasken taga ya ragu. Dattijon nan mai bijimi ne ya gaji da jira ya matso, ya dogara sandarsa a bango, kuma fuskarsa ta nuna ya ji. Ya tambaya cikin Hausarsa ta ruga, a nonon wa aka ga cuta. Babu wasa a muryarsa.

Halliru ya riga malamin magana. Ya bushe da dariya ya ce, Baffa, kai ma ka biye wa Babarbare? Tun safe yake neman abin da zai ɓata Fulani da shi, ya rasa, ya koma kan nono, alhali da shi aka yaye shi. Dattijon ya dubi Kaumi, Kaumi ya gane, ya ce ai gaskiya ce, nonon nan ne ya sa bayinsa Fulani ramewa. Fuskar dattijon ta saki. Ya ce bawa in ya ƙoshi haka yake yi wa ubangijinsa, ya zo ya yi allura ya sallame shi.

Da suka rage su biyu, Halliru ya yi tambayar da ta kawo shi: in ya daina kafso ya ba duk rumfar tsala, za su tashi? Kaumi ya ce ba zai rantse masa ba. Na ɗakin awaki abu biyu suka samu, an daina ba su magani kuma an ba su tsala, bai san wanne ya fi aiki ba, ƙila duka biyun. Wasu kajin sun riga sun yi nisa, za su mutu ko me aka yi. In zai gwada, ya sirka da ruwa, ya wanke kasko kullum kada ta ruɓe a ciki, ya ƙara musu dakakken ƙashi a dusa. In kuma zai sayar, ba wanda zai ce ya yi wauta. Ya ce shi dai in an gwada yana so a bar shi ya riƙa zuwa yana gani.

Halliru ya roƙi ya sake dubawa sau ɗaya. Ya daɗe a kai har rana ta sake shiga hadari, filin ya dushe.

A hanyar gida ya bi ta gindin tsamiyar bakin kasuwa, inda matan Fulani ke zama da ƙorensu. Ya rage gudu. Goggo Ma'u tana can tana dama wa wani ɗan dako fura, ƙwarya fara tas, faifai a kai. Ya tuna shekarar amai da gudawa, ba da daɗewa ba, lokacin da kalmar nan ta fara shiga bakin mutane. Motar lasifika tana yawo tana cewa ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin cuta, duba-gari suka zo nan gindin tsamiyar suka tuntsurar da ƙore, nono ya kwanta a ƙasa fari, matan suna tsaye suna kallo. Har damina ta wuce ba wanda ya sayi ko ludayi ɗaya. Yanzu a ce Halliru Direba, wanda in ya zauna a majalisa har masu shayi ke barin tebur su zo saurare, ya ce da idonsa ya ga ƙwayoyin cuta a nono a madubin asibiti. Rabin maganar kawai zai isa kasuwa. Kafin jibi ta kai Babura, kuma ba Bafulatanar da za ta sake ba shi ko ɗigo.

Ya tarar da Shatu tana wanke-wanke. Ta dube shi ta ce lafiya, ya dawo kamar wanda ya yi gamo. Ya zauna a kan turmi, abin da bai saba ba, ya tambaye ta yadda ake yin nono. Ta yi dariya ta ce yau kuma. Ya ce da gaske yake.

Ta ce ai ba wuya. A tatso madara, a zuba mata iri, a rufe a ajiye, da safe ta kama. Ya ce wane iri. Ta ce ɗan ragowar nonon jiya mana, in babu shi madara lalacewa take yi, ba ta zama nono ba. Ya ce na jiyan fa, da me aka yi shi. Ta ce da na shekaranjiya. Irin Goggo Ma'u na mahaifiyarta ne, da shi aka kai ta ɗakin miji a cikin ’yar ƙwarya, ita kuma mahaifiyar daga wajen Damagaram ta taho da shi, a kan jaki, lokacin da suka biyo ciyawa. In na mace ya mutu, takan je maƙwabta ta ɗebo kamar yadda ake ɗebo wuta, amma abin kunya ne kaɗan, ana cewa ba ta da kula. Kowane gida da ɗanɗanon nasu. Ita ko ido rufe ta sha ta san na gidansu.

Halliru ya gyara zama a kan turmin. Yana lissafin abin a ransa. Ashe garke biyu mutanen nan suke kora tun zamanin da ba wanda ya sani. Maza suna gaba da mai ƙaho, mata suna baya da wani a cikin ƙwarya, suna ciyar da shi kowace safiya, suna ba ’ya’yansu gadonsa, ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsa ba. Kuma waɗanda ya gani ɗazu jikokin waɗanda suka hau jaki daga Damagaram ne.

Ta tambaye shi me malamin ya ce. Ya ce ya ce tsalar tana da kyau. Ta ce wannan ai ba sai an je asibiti ba. Ya tambaya ko Goggo da matan rugarsu za su iya haɗa masa ragowar tsalarsu kullum, mai yawa, ya saya. Shatu ta ce za su so, da su koma da ita a ka. Sai dai kada ya ce musu ta kaji ce tun farko, ya bar ta ita ta san yadda za ta faɗa wa Goggo.

Ana idar da la'asar a-kori-kurar Lauwali ta tsaya a ƙofar gida, bayanta cike da kwanduna. Lauwali abokin ƙuruciyarsa ne, gajere mai tumbi, wuƙa a kugu ko ina za shi. Ya shigo yana cewa ina amaren, a fito da su, Kano ba kusa ba ce.

Halliru ya ce ya fasa.

Lauwali ya ɗauka ciniki ne, ya ce kada ya yi masa halin ’yan tasha. Da ya ga ba haka ba ne, ya leƙa rumfar ya dawo yana girgiza kai. Ya ce kajin nan rabinsu ba za su ga sabon wata ba, kuma in ya tafi ba zai dawo ba, ranar da Halliru zai neme shi sai dai ya ba karnuka. Ya ce ya yi tunanin idonsa, kowa ya san dalilin da ya bar hanya ko bai faɗa ba. Halliru ya ce ya yi tunani.

“To me Babarbaren nan ya nuna maka? An ce ka fito daga wurinsa ka wuce mutane ba gaisuwa, kai da ko akuya ka gani sai ka ba ta labarin Ikko.”

Labarin ya taso wa Halliru har maƙogwaro. Ya riga ya san yadda zai fara shi, da inda zai dakata a ba shi shayi, da yadda zai kwatanta mai goyon nan. Bai taɓa samun labari irinsa ba, kuma ba zai sake samu ba. Ya haɗiye.

“Wani magani ne,” ya ce. “Sunansa ba ya faɗuwa da Hausa.”

“Na Turawa ke nan.”

“Can ma suna amfani da shi.”

Lauwali ya ce to, in na Turawa ne ƙila a dace, su ba sa wasa. Ya yi masa fatan alheri da rabin baki, ya ce Allah Ya sa kada ya gan shi a tasha yana neman mota, ya ja kwandunansa wayam ya tafi.

Halliru ya shiga rumfa ya kwashe kaskon ruwa duka, ya zubar da jan ruwan kafso a bayan katanga, ya wanke su da toka har hannunsa ya yi fari. Kajin suna binsa da ido, waɗanda ke iya buɗewa. Kafin ya gama Goggo Ma'u ta biyo ta ajiye ragowar yau, Shatu ta kawo masa ƙwaryar har ƙofar rumfa, ta ce ya karɓa mana, me yake kallo.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya taka a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ya durƙusa gaban kaskon farko, ya ajiye. Da ya kai hannu zai ɗaga faifan, sai ya ji bakinsa ya yi sallama, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mutane.

Shatu ta ce da wa yake.

Ya ce ta miƙo ludayi.